Takardar da Na Cire daga Kujera ta Uku

Shekarar da jirgin saman fasinja ya bugi gada ya faɗa cikin kogin Potomac, ana tsakiyar zubar dusar ƙanƙara, ina da shekara arba'in da ɗaya a duniya, ina haya a wani ɗaki a Landover, kuma ko sunana aka rubuta a jikin bango zan wuce ban gane shi ba. Na kalli abin a talabijin kamar kowa. Na ga jirgi mai saukar ungulu yana sako igiya, na ga mutane a cikin ruwa hannuwansu sun sandare sun kasa riƙe ta. Ni ɗan masunci ne, na san abin da ruwa yake yi wa mutum, don haka ranar ko abinci ban iya ci ba. Ban san cewa kafin wata uku ni ma zan kusa zama sanadin mutuwar wata baiwar Allah a cikin ruwa ba, kuma ruwan da ba sanyi, ba gudu, wanda ni da kaina nake tsabtace shi kowace safiya. Yau shekara shida ke nan. Edita, ina roƙon ka ba ni fili, ka kuma yi haƙuri da rubutuna. Da hannuna na yi shi, kuma ya ɗauke ni makonni.

A ƙasar Yawuri aka haife ni, a bakin kogin Kwara. Kafin in iya tafiya sosai na iya iyo. Na yi allo gwargwadon abin da zan yi salla, amma boko ban taɓa zama a ajinsa ba, don mahaifinmu yana buƙatar hannu a jirgin kamun kifi. Wani ma'aikacin gwamnati ne ya kawo ni Amurka ina yi masa aikin gida. Da wa'adinsa ya ƙare ya koma, ni kuma na zauna. Na yi wanke-wanke a gidan abinci, na yi shara, har Allah ya haɗa ni da wani aiki a kusa da Fort Washington, a wani wuri mai zaman kansa da ake koya wa matuƙan jirgi mai saukar ungulu da masu aikin ceto yadda za su fita idan jirginsu ya faɗa ruwa.

Bari in bayyana wurin, don mai karatu ya gane. Babban tafki ne a cikin gini, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. A samansa akwai injin ɗaga kaya, yana riƙe da wani akwatin ƙarfe da aka ƙera kamar cikin jirgi, da kujeru huɗu da tagogi. Mu ma'aikata keji muke ce masa. Ana zaunar da masu koyo a ciki, kowa ya ɗaure bel, sai a saki kejin cikin ruwa, ya nutse, ya kife, ƙafafunsu a sama kawunansu a ƙasa. Abin da ake koya musu shi ne kada su yi gaggawa. Mutum ya kama gefen taga da hannu ɗaya, ya jira juyin ya tsaya, ya tura tagar, sannan ya murɗa maɓallin bel ya ja jikinsa waje. 'Yan nutso biyu suna cikin ruwa da tukwanen iska da wuƙaƙe, suna kallon kowa. Ogan wurin, wani tsohon sojan ruwa mai furfura da murya kamar ta mai mura, yana tsaye a bakin tafki. Kullum yakan gaya wa masu koyo cewa ba ruwa ne yake kashe mutane ba, gaggawa ce. Bayan hatsarin nan na kogi, masu zuwa koyo suka ƙaru, har muna yin aji biyu a rana.

Da farko aikina shara ne da zuba maganin ruwa da wanke matatar tafki. Amma ni mutum ne mai haƙuri da abu, in na kama ba na saki sai ya yi daidai, kuma ogan ya lura da haka. Da wanda yake duba keji da safe ya bar aiki, sai ya miƙo mini allon takardar duba kaya ya ce daga yau ni ne. Layi goma sha huɗu ne a takardar. Ban gaya masa ban iya karatu ba. Na riga na shekara ina kallon wancan mutumin, na san layi na farko igiyar ƙarfe ce, na biyu ƙugiya, na bakwai zuwa na goma bel na kujeru, haka har ƙarshe. Na haddace su kamar yadda ake haddace hanyar gida. In duba abu da hannuna, in sa alama a gurbinsa. Kuma wallahi ban taɓa sa alama a kan abin da ban taɓa ba.

Sauran takardu kuwa, ina da dabara. Na sayi tabarau a kantin magani, ba don idona yana da matsala ba. Na sa shi kwana biyu kowa ya gani, daga nan kullum sai ya zama na manta shi a gida. Duk wanda ya miƙo mini takarda sai in shafa aljihu, in yi tsaki, in ce tabarau ya sake yi mini halinsa, in ninke takardar in sa a aljihu. Ranar Asabar in kai wa maƙwabciyata, wata nas mutuniyar Jos da suke zaune a saman ɗakina ita da mijinta. Sista nake ce mata, ita kuma tana ce mini Sarkin Ruwa. Ita kaɗai ta san sirrina a duk ƙasar nan. Takan karanta mini wasiƙun gida da takardun haya, ta zuba mini gwate, sannan ta tsokane ni, wai sarkin da yake ganin kifi a ƙarƙashin ruwa amma baƙi a kan fari ya gagare shi. Sau da yawa ta ce akwai ajin manya a laburare, ba a biyan ko sisi. Ni kuma in ce mata da furfurata zan je in zauna ana nuna mini hoton kyanwa? Ta ce furfurar ba ta hana ni hawo mata bene da takarda ba ai.

A wurin aiki akwai bakaniken da yake gyara kejin, baƙar fata ne ɗan Amurka, mai yawan barkwanci. Saboda tabarau ɗin nan ya raɗa mini suna Farfesa. In ya gan ni sai ya cire hula ya rusuna, ya tambaye ni yau wace jami'a tabarau ya tafi koyarwa. Mun saba ƙwarai. Yakan rage mini hanya zuwa tashar bas, har ya taɓa kai ni gidansa na ci abinci da iyalinsa. Shi ma bai sani ba.

Wata Talata na zo da sassafe kamar kullum, kafin kowa. Na shiga keji, sai na ga takarda manne da salatif a bayan kujera ta uku, an yi rubutu da jan alƙalami, layi uku, an ja layi a ƙarƙashin na farko. Bakanike ya yi aiki a kejin jiya da yamma bayan an tashi, kuma ranar ba zai zo ba, ya ɗauki hutu zai kai 'yarsa wani wuri. Na tsaya ina kallon takardar. Zuciyata ta gaya mini cewa jan rubutu ba gaisuwa ba ce. Na san haka, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Amma me zan yi? In jira oga in ce ya karanta mini? Layi uku ne da manyan baƙaƙe, ko makaho ya kusa gani, zancen tabarau ba zai yi aiki ba. Sai na ce wa kaina, ko mene ne aka rubuta, a kan kujerar nan ne, kuma ga kujera ga hannuna. Na girgiza ta, tana nan daram. Na ja bel, ba yagewa. Na ɗaura maɓallin na murɗa, ya buɗe. Na sake, ya buɗe. Sau goma na yi, ina ƙirgawa. Na ce to, takarda ba ta fi hannu sani ba. Kuma doka ce a wurin, ba a barin takarda ta shiga ruwa, don tana toshe matatar tafki. Da wannan dokar na lallashi kaina. Na ɓamɓare ta, na ninke, na sa a aljihun rigar sanyina da ke rataye a ɗakin canja kaya, na ce Asabar Sista za ta gaya mini. Na sa alama a layi na tara.

Cikin masu koyon ranar akwai wata mata, nas ce, fara, za ta kai shekara talatin da biyar. Ta samu gurbi a jirgin ceto da ke ɗaukar marasa lafiya, amma sai ta ci wannan horon kafin a ba ta aikin. Na same ta zaune a bakin tafki tana kallon keji. Ta yi dariya ta ce mini jini da karaya ba sa ba ta tsoro, amma ko a bahon wanka ba ta son ruwa ya taɓa mata hanci, kuma 'ya'yanta biyu sun yi caca a kan ko za ta gudu. Na tausaya mata. Na ce ta kwantar da hankalinta, kejin nan bai taɓa cutar da kowa ba, ni nake duba shi kowace safiya da hannuna, kuma yau ma na duba. Na nuna mata hannuwan nawa. Ta ce to ta dogara da ni. Da aka zo rabon kujeru a zagayen ƙarshe, ita aka ba kujera ta uku.

Ana yin zagaye huɗu. Biyun farko ba a kifar da keji. A na uku an kife, amma rukuninsu mutum uku ne, ba kowa a kujera ta uku. A na huɗu ne ake rufe wa kowa ido da baƙin tabarau, don ya koyi fita da lalube, kuma a wannan ne aka sauya musu wuri. Ina da wata al'ada: da zarar keji ya taɓa ruwa sai in fara ƙirga a zuci da Hausa. Yawanci kafin in kai ashirin kawuna sun fito. Ranar kai ɗaya ya fito a sha biyar, na biyu a sha takwas. Na kai ashirin da biyar. Na kai talatin. Ta cikin ruwan ina hango ɗan nutso ya shiga ta taga yana murɗa maɓallinta, abin ya ƙi. Ya kai hannu ga wuƙarsa, ita kuma ido a rufe, numfashi ya ƙare, ta cakume shi ta fizge masa gilashin fuska da bututun iska gaba ɗaya. Kumfa ta rufe komai. Oga ya daka wa mai inji tsawa ya ɗaga, amma keji cike da ruwa ba ya tashi da sauri.

Ban san lokacin da na faɗa ba, da kayana da takalmina. Na shiga ta tagar baya. Tana rataye kai ƙasa, duk nauyinta a kan bel, ta daina motsi sosai. A nan ne hannuna ya tuna abin da kaina bai tuna da safe ba. A Kwara, in ƙulli ya ɗaure saboda nauyin taru, ba a fama da ƙullin, nauyin ake ɗagawa. Na sa kafaɗata a ƙarƙashinta, na tokare ƙafa a rufin keji, na tura ta sama ta manne da kujera. Ɗan nutso na biyu ya murɗa maɓallin, ya buɗe kamar ba shi ne ya ƙi ba. Muka fito da ita leɓunanta sun yi shuɗi. Oga ya durƙusa yana danna mata ƙirji yana hura mata iska a baki, ni kuma ina tsaye ruwa na zuba daga jikina, ba abin da bakina yake iya faɗa sai sunan Allah. Sai ta yi tari, ta amayo ruwa. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan tarin ba. Motar asibiti ta zo ta tafi da ita.

Daga nan azabata ta fara, domin sai aka mai da ni gwarzo. 'Yan nutso suka rungume ni. Oga, wanda bai taɓa yabon kowa a gabana ba, ya kama kafaɗuna ya ce shekara talatin yana cikin ruwa bai ga mai saurin tunani irina ba. Washegari bakanike ya dawo. Da ya ji labari sai ya zauna a ƙasa. Ya ce ai ya gano maɓallin kujera ta uku yana maƙalewa in akwai nauyi a kansa, ya yi odar sabo, ya kuma manna takarda da jan rubutu cewa kada a zaunar da kowa a wurin. Oga ya tambayi kowa, ba wanda ya ga takarda. Ya juyo gare ni, ya ce ni na fara shiga, na ga wani abu? Bakanike yana kallona, yana cewa Farfesa, gaya musu, ai kai ka fara shiga. Na dubi ƙasa na ce ban ga komai ba. Aka dakatar da shi daga aiki, aka rufe wurin, aka ce mutanen inshora za su zo bincike, kuma in ta tabbata bai bar gargaɗi ba, ba zai sake taɓa irin wannan aiki a ko'ina ba.

Ranar Asabar da safe na hau bene da takardar. Har a lokacin ina yi wa kaina ƙarya, ina fatan a ce wani abu daban aka rubuta. Sista ta karanta, ta fassara mini kalma bayan kalma, daidai da yadda bakanike ya faɗa. Ta ɗago kai ta tambaye ni ina na samo wannan. Na gaya mata duka. Ba ta yi faɗa ba, kuma ba ta kira ni Sarkin Ruwa ba. Ta ce Baba, ita nas ce, ta san abin da ake nufi da mutum ya yi minti ɗaya ba numfashi, in da an ƙara wani rabin minti da yanzu wani zance ake yi. Ta ce rashin karatu ba zunubi ba ne, ba ni na hana kaina makaranta ba, amma abin da nake yi wa bakaniken nan yanzu, wannan nawa ne, da sanina nake yi. Na ce in na faɗa za su kore ni, kowa zai san cewa shekara biyu ina sa alama a takardar da ban san abin da ke cikinta ba. Ta ce e, za su sani. Ta miƙo mini takardar, ta ce ba za ta faɗa wa kowa ba, amma daga yau kada in sake kawo mata wasiƙa sai na kai wannan inda ta dace.

Na ƙara kwana biyar ina ɗauke da ita. In na tsaya salla sai in ji kamar tana aljihuna, ko da ba rigar ce a jikina ba. Ranar Laraba oga ya ɗauke ni muka je asibiti duba matar, don ruwan da ya shiga huhunta ya zama ciwo, an riƙe ta. Ta kama hannuna da hannayenta biyu. Muryarta a shaƙe, ta ce wa mijinta wannan ne mutumin da ya ce ta dogara da hannunsa, kuma ga shi hannun bai ba ta kunya ba. Ta sumbaci bayan hannun. Wannan hannun da ya ɓamɓare takardar. Da mun daɗe a ɗakin da na zube ƙasa. A hanyar dawowa oga yana tuƙi yana cewa abin da ya fi ba shi haushi shi ne mutum ya yi sakaci kuma ya ƙara da ƙarya, wai ya manna takarda. Washegari na shiga ofishinsa, na ajiye takardar a kan tebur, da salatif ɗinta har lokacin a jiki. Na ciro tabarau daga aljihu na ajiye a gefenta. Na ce masa idona lafiyarsa ƙalau, karatu ne ban iya ba, ban taɓa iyawa ba, kuma bakanike gaskiya ya faɗa.

Ya daɗe yana kallon abubuwan nan biyu. Fuskarsa ta yi ja. Na ɗauka zai zage ni, kuma da ya zaga da ya fi mini sauƙi. Sai ya ɗauko takardar duba kaya ya rufe ta da hannu, ya ce in faɗa masa layi na sha ɗaya. Na faɗa. Ya ce na huɗu. Na faɗa. Ya jingina da kujera ya ce shi ne ya miƙa wa mutum rayukan jama'a a takarda bai taɓa zama ya ce karanta mini in ji ba. Ya ce cire takardar kuskure ne, shi ma yana da rabo a ciki, bakanike ma yana da nasa, tunda ya bar rai ya rataya a kan salatif. Amma ƙaryar da na yi a gaban mutumin da ya ciyar da ni a gidansa, wannan ba wanda zai raba ta da ni. Ya ɗauki waya a gabana ya kira bakanike ya ba shi haƙuri, sannan ya miƙo mini kan wayar. Na yi magana, na yi kuka. Bakanike ya saurara har na gama, ya ce da tun farko na gaya masa ban iya karatu ba da shi da kansa zai riƙa karanta mini, kakarsa ma ba ta iya ba kuma ba wanda ya fi ta daraja a gidansu. Sannan ya ajiye wayar.

Mutanen inshora suka ce ba zan ci gaba da aiki a wurin ba, kuma ban ga laifinsu ba. Amma kafin in tafi oga ya riƙe ni mako guda, ya ce in nuna masa duk inda mutum irina zai iya zamewa. Daga lokacin, duk abin da ya lalace ba a manna masa takarda kawai, kwance shi ake yi a fitar da shi, ko a ɗaure shi da jar sarƙa da kwaɗo. Kowace safiya kowa ya tsaya a bakin tafki a faɗi da baki abin da aka gyara da abin da ya rage. Mutum biyu suke duba keji, ɗaya yana karantawa da ƙarfi ɗaya yana taɓawa. Bel kuma ba a gwada shi a sake, sai an rataya masa buhun yashi an kifar da kejin. Ranar da zan tafi oga ya rubuta mini takardar shaida, ya karanta mini ita da bakinsa, har da abin da na yi, mai kyau da marar kyau. Da ita na samu aikin kula da tafkin wanka a wani rukunin gidaje a Lanham, inda nake har yau.

Sista ce ta raka ni ajin manya ranar farko, har bakin ƙofa, tana cewa kada Sarkin Ruwa ya nutse a tudu. An nuna mini hoton kyanwar kuwa, kuma ban mutu ba. Shekara biyu na yi kafin in karanta takardar bakanike da kaina, don oga ya ba ni kwafinta na ajiye. Hausar boko kuma Sista ce ta koya mini a teburin cin abincinta. Wasiƙar farko da na rubuta a rayuwata matar nan da ta maƙale a keji na rubuta wa. Oga ya riga ya gaya mata gaskiya, amma ina so ta ji daga gare ni. Ta amsa mini da manyan baƙaƙe don in iya karantawa. Ta ce ta yi fushi da ni wata shida, har ta gaji. Ta ce ta warke, ta koma aikinta na asibiti, amma ba ta iya sake shiga keji ba, don haka jirgin ceto ya wuce ta. Ta ce ta yafe, kuma in ci gaba da zuwa aji. Na gode wa Allah da ya bar ta da rai. Na gode wa Sista da ta ƙi barina in ci gaba da rufe asirin da zai halaka ni. Na gode wa ogan da ya ɗauki nasa rabon laifin bai jibga mini duka ba.

Abin da na koya shi ne, hannuna bai yi mini ƙarya ba ranar, abin da ya taɓa shi ya gaya mini. Amma wani ya riga ya san abin da hannuna bai sani ba, ya kuma yi ƙoƙarin gaya mini, ni na toshe hanyar saboda kunya. 'Yan'uwana da ke aiki a ƙasar nan da ma gida, musamman masu aikin da ran wani yake hannunsu, na san akwai masu irin tabarau ɗina da yawa. In ka ga rubutun da ba ka gane ba a jikin inji, ko magani, ko ƙofa, ka tsaya ka tambaya, ko da wanda za ka tambaya sa'an ɗanka ne. Kunyar ba ta wuce minti ɗaya. Ku kuma shugabannin aiki, kada ku ɗauka duk wanda ya gyaɗa kai ya karanta. Ku faɗa da baki, ku kulle abin da ya lalace.

Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Amma ga abin da aka rasa. Matar ta rasa aikin da ta yi shekaru tana nema, da kwana goma sha ɗaya a gadon asibiti. Bakanike ya yi kwana takwas ana kallonsa a matsayin maƙaryaci. Ni na rasa aikin da na fi so a rayuwata, na kuma rasa aboki. Mun haɗu sau ɗaya a tashar mai, ya gaishe ni da mutunci, ya tambayi lafiyata, ya kira ni da sunana na yanka. Bai sake ce mini Farfesa ba.